Maki biyu da suka bi ni shekara bakwai

Ƙarfe uku na dare ya gota, ina ɗakin hutun ma'aikata a hawa na shida na asibitin da nake aiki, na cire takalmi na ɗora ƙafafuna a kan kujera, sai saƙo ya shigo wayata cewa CASPA, kafar da ake neman gurbin karatun mataimakin likita ta cikinta a Amurka, ta gama tantance takarduna. Na buɗe da bisimilla. A gurbin makin darussan kimiyya na ga 3.24 cikin 4. Na rufe wayar, na sake buɗewa, ko idona ne. Lissafin da na yi da hannuna a bayan littafi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, 3.6 yake ba ni. Shayin da na haɗa yana nan a gabana har ya huce ban taɓa shi ba. A watan Oktoban 2021 ke nan, na riga na tura takardu makarantu shida, kuɗin kuma sun tafi.

Bari in koma baya, don wadda za ta karanta wannan ta gane inda tsautsayin ya samo asali.

Ni 'yar Kano ce, cikin gari. Na yi shekara uku a makarantar koyon aikin lafiya, na fito da shaidar da ake ce wa CHEW, aka tura ni wani asibitin sha-ka-tafi a ƙauye. Likita sai dai mu ji labarinsa. Ni da wani dattijo muke komai: awon ciki, rigakafin yara, gwajin zazzaɓin cizon sauro, ɗinkin wanda fartanya ta sara, karɓar haihuwa da fitilar hannu idan dare ya yi. A nan na san ina son wannan aiki har cikin raina. Aure ne ya kawo ni Amurka a farkon 2013, na sauka birnin Niyok cikin wani sanyi da ban taɓa zaton akwai irinsa a duniya ba. Maigida tasi yake ja, muna zaune a Bronx, inda Hausawan Gana da na Nijar suka fi mu 'yan Najeriya yawa a masallacinmu.

Takardata ta gida ba ta ba ni ikon ko da tsira wa mutum allura a nan ba. Na yi ɗan gajeren horo na fara aikin kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, girki, canza zanen gado, tuna musu lokacin shan magani. Ba na raina wannan aiki, da shi muka biya haya. Amma hannuna ya san abin da ya fi haka, kullum kuma ina jin abin a ƙirjina.

Ɗanmu na fari yana da asma tun yana ƙarami. Wata rana numfashi ya sarƙe masa, na kai shi ƙaramin asibitin unguwa. Wata mata ta duba shi, ta saurari ƙirjinsa, ta sa aka ba shi maganin shaƙa, ta rubuta mana wani na gida, ta zauna ta nuna mini yadda zan riƙa ɗora masa abin shaƙar. Da zan fita na ce, "Na gode, likita." Ta yi murmushi ta ce ita ba likita ba ce, PA ce, wato mataimakiyar likita. A daren nan na hau intanet. Na karanta cewa a 1965 aka fara wannan karatu a Jami'ar Duke da ke Karolina ta Arewa, wani likita mai suna Eugene Stead ya kafa shi saboda ƙarancin likitoci, ɗalibansa na farko kuma tsofaffin ma'aikatan jinya ne na rundunar sojan ruwa, mutanen da suka iya aiki da hannunsu a fagen fama amma ba su da takardar da za ta ba su damar yinsa a gari. Na ajiye wayar na yi shiru. Kamar labarina aka rubuta.

Sai dai hanyar tana da nisa. Karatun PA na digiri na biyu ne, wata ashirin da wani abu ba hutun kirki. Kafin ka nema sai kana da digirin farko, sai ka yi wasu darussa na dole, irin su anatomi da fiziyoloji (ilimin sassan jiki da yadda suke aiki), kemistiri, ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta, ƙididdiga da ilimin halayyar ɗan Adam, sannan sai ka tara sa'o'in aiki da marasa lafiya. Ni kuwa ko kiredit ɗaya, wato ma'aunin da ake ƙirga nauyin darasi da shi, ba ni da shi.

Wata Hajiya 'yar Kumasi, wadda duk matan masallacinmu ke kira Mama, ita ta ce da ni, "'Yata, ki je kwalejin al'umma, ta shekara biyu. Nan 'ya'yana suka fara. Da dare ma ana karatu." Amma wani abokin maigida, mutum mai yawan sani, da ya ji shawarar sai ya girgiza kai. Ya ce wa maigida, ina ji daga kicin, "Malam, kada ku ɓata kuɗinku. Makarantar waɗanda jami'a ta ƙi ce. Masu ɗaukar ɗaliban PA da sun ga sunan irin wannan kwaleji a takarda, kwandon shara za su jefa ta." Maganar nan ta zauna mini a zuciya shekara da shekaru. Ita nake tsoro dare da rana, ashe ba ta nan ɓarawon zai shigo ba.

Na shiga a ƙarshen 2014, don ba ni da wani zaɓi. Kuɗin makarantar kuwa, tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell ya ɗauke mini kusan duka, ban ci bashi mai kuɗin ruwa ba, abin da ya fi komai kwantar wa maigida hankali. Simesta ta farko Turanci da lissafi na share fage na yi, waɗanda ba a ma ƙirga su cikin digiri.

Ina so in daɗe kaɗan a kan ajin anatomi, domin duk wanda ke raina waɗannan kwalejoji bai zauna a cikinsa ba. Mu ashirin da huɗu ne, daga ƙarfe shida zuwa tara da rabi na dare. Akwai direban bas, akwai wata mai 'ya'ya huɗu, akwai wani yaro ɗan Gini da ke zuwa da kayan aikin gadi a jikinsa. Malamarmu ta san sunan kowa tun mako na biyu. Ranar da aka kawo mana zuciyar tunkiya a tire, ɗaya ga kowane mutum biyu, abokiyar zamana ta toshe hanci ta ja baya. Ni kuwa abu ne da na sha wankewa ranar layya a gidanmu, sai dai ban taɓa kallonsa da wannan ido ba. Na zura yatsa ta babbar jijiya, na ji ya tokari 'yan fatun nan masu hana jini komawa baya, na tsaga gefen hagu na ga kaurin bangonsa ya ninka na dama. Malamar ta tsaya a kaina ta ce in faɗa wa aji dalili. Na ce ai hagu ne ke tura jini duk jiki, dama kuwa huhu kaɗai yake kai wa. Da Turancina na lokacin, mai tuntuɓe, na faɗa. Ta sa aka tafa mini. Daga baya na ji cewa da rana a wata jami'a take koyar da wannan darasi, da littafi iri ɗaya.

A watan Maris na 2016 ina ɗauke da darussa biyu, kemistiri na farko da anatomi kashi na biyu, kowanne kiredit huɗu. Da asuba Yaya ya kira daga Kano. Daga sallamarsa na gane. Ya ce, "Sai haƙuri, Baba lokaci ya yi." Kafin in samu jirgi an kai shi makwancinsa. Na je da niyyar kwana goma. Na tarar Umma ta shiga takaba, hawan jini ya kwantar da ita, ni ce kuma mai ɗan sanin aikin lafiya a gidan. Na zauna har aka yi sadakar arba'in, na ƙara kwanaki a kai. Ko sau ɗaya makaranta ba ta faɗo mini a rai ba, ba na kuma jin kunyar faɗin haka. Da na dawo a watan Mayu an gama jarrabawa. A takardar sakamako na ga F guda biyu.

Abin da ban sani ba shi ne akwai takardar janyewa, shafi ɗaya tak. Da na cike ta kafin wa'adi, W za a rubuta mini, wanda yake fitowa a takarda amma ba ya taɓa maki. Minti goma da na ɗauka kafin in tafi filin jirgi da sun wadatar. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na je wurin mai ba ɗalibai shawara na faɗa masa abin da ya faru, na kuma faɗa masa cewa PA nake son zama. Ya ce in kwantar da hankalina, in maimaita darussan, idan na ci za a cire F ɗin daga lissafi. Na maimaita a simesta mai zuwa, na samu A a duka biyun, kuma kamar yadda ya faɗa, makin kwalejin ya koma sama kamar ba a yi komai ba. Bai yi mini ƙarya ba. Amma bai ƙarasa mini maganar ba: wannan afuwa a cikin gidansu kaɗai take aiki. Bai kuma ce mini zan iya ɗaukaka ƙara da shaidar rasuwa don a mayar da makin zuwa W ba. Sai bayan shekaru na ji ana yi, lokacin an ce mini na makara. Ko da na sani a lokacin ma, sai na sa Yaya ya yi zirga-zirgar neman takardar, don mu a gida wa ke tunanin takardar mutuwa ranar da aka binne uba?

Na gama kwalejin a 2018 na koma jami'a mai shekara huɗu, na karanta bayoloji. Tun 2017 na samu aiki a asibiti ina taimaka wa nas-nas: auna jini da zafin jiki, ɗibar jini, ɗaukar zanen bugun zuciya, juya marasa lafiya. A nan korona ta same ni a 2020. Ba zan ba da labarin watan Afrilun waccan shekara a Bronx ba, ban iya ba tukuna. Abin da ya shafi zancenmu shi ne an mayar da karatu ta kwamfuta, jami'a kuma ta ba mu zaɓin a rubuta mana "an ci" kawai maimakon maki. Wata PA da muke aikin dare tare ta ce mini, "Kada ki karɓa, ki bar makinki ya fito." Na bi maganarta, kuma ta yi mini amfani daga baya. Na gama digiri a 2021.

Yanzu mu dawo daren 3.24. CASPA ita ce kafar da mafi yawan makarantun PA ke karɓar takardun nema ta cikinta, tana buɗewa a ƙarshen Afrilu kowace shekara. Dole ka tura mata sakamakon duk wata kwaleji ko jami'a da ka taɓa ɗaukar ko da darasi ɗaya a cikinta a Amurka, ita kuma ta sake lissafin makinka da nata ma'aunin. Ba ruwanta da afuwar makarantarka. Idan ka faɗi darasi ka maimaita, duka biyun za ta ƙirga. Ni ina da kiredit 72 na kimiyya a kan 3.6. Ta ƙara kiredit takwas masu sifili, ta raba jimillar da 80, abin ya sauko 3.24. A ma'auninta A ɗin da na samu a kwalejin al'umma daidai yake da A na kowace babbar jami'a, maki huɗu ne. Haka F ɗin ma, sifili ne ko'ina. Adalcin da na yi ta tsoron ba za a yi wa kwalejina ba, an yi mata shi cif, shi ne kuma ya kama ni.

Ba wannan kaɗai ya kayar da ni a karon farko ba, akwai nawa sakacin. Sai a Satumba na tura takardu, alhali makarantu da yawa suna duba masu nema ne bi-da-bi, wanda ya riga zuwa ya riga samun kujera. Ban kuma karanta sharuɗɗan kowace makaranta da kyau ba. Ɗaya ba ta karɓar darasin da ya wuce shekara biyar, anatomina na farko kuwa na 2015 ne. Wata ta rubuta ƙarara cewa darasin ƙananan ƙwayoyin cuta sai wanda aka yi a jami'a mai shekara huɗu, nawa kuwa a kwaleji na yi shi. Waɗannan biyun kyautar kuɗi na yi musu, kuɗin adashin da matan masallaci suka bar mini na fara ɗauka. Biyar suka aiko da wasiƙar ban haƙuri, ɗaya ko amsa ba ta ba ni ba.

Gwiwata ta yi sanyi sosai. Na ce wa maigida na haƙura, zan nemi karatun nas. Bai ce mini komai ba sai da ya idar da sallar isha'i, sannan ya ce, "Ke da kika karɓi haihuwa da fitilar hannu? Ki huta wata guda, sannan mu sake zama." Mama ma da ta ji, ta kama hannuna a ƙofar masallaci ta ce, "'Yata, matambayi ba ya ɓata. Wannan karon ki tambaye su da bakinki."

Haka na yi. Na sayi littafi na ja layuka, na rubuta wa makarantu 23 wasiƙa iri ɗaya: ga darussan da na yi, ga inda na yi su, ga shekarar, za ku karɓa? Mafi yawansu suka ce suna karɓar darasi daga kowace kwaleji da hukuma ta tantance, ba bambanci. Wasu suka ce suna karɓa, amma sun fi son su ga mai nema ya yi manyan darussan kimiyya a jami'a ya kuma yi kyau a cikinsu. Biyu suka ce akwai darussan da ba za su karɓa daga kwalejin shekara biyu ba ko ta halin ƙaƙa. A kan tsufan darasi kuwa kowa da nasa: wasu biyar, wasu bakwai, wasu goma, wasu ba iyaka. Haka ma aikina na Kano, wasu suka ce in saka shi cikin sa'o'in kula da marasa lafiya, wasu suka ce na Amurka kaɗai suke ƙirgawa.

Na fahimci masu cewa suna son ganin manyan darussa. Karatun PA gudu ne ba tsayawa, suna son su tabbatar mutum zai iya ɗaukar kaya mai nauyi, kwalejin shekara biyu kuma ba ta cika koyar da darussan aji uku da aji huɗu ba. Wannan hujja ce. Wanda ban yarda da shi ba har gobe shi ne ƙin darasi don sunan ginin da aka yi shi kawai. Wa ke zuwa waɗannan kwalejoji? Mu ne, baƙi, masu goyo, masu aikin dare, waɗanda iyayensu ba su taɓa shiga jami'a ba. Mu ne kuma muka fi komawa mu yi aiki a unguwannin da likita ke wuyar gani, wanda shi ne dalilin da aka ƙirƙiro aikin tun farko.

Ban nema ba a 2022. Na koma jami'a na ɗauki bayokemistiri, ilimin garkuwar jiki da babban fiziyoloji, ɗaya bayan ɗaya, ina biya daga aljihuna. Anatomi na farko kuma na maimaita shi a tsohuwar kwalejina, wurin malamata ta dā, wadda ta gane ni tun daga bakin ƙofa. Kiredit 16, duka A. Makin kimiyya ya tashi zuwa 3.37 kacal. Na yi mamakin yadda shekara ɗaya da rabi na wahala ta motsa shi ɗan wannan, amma haka lissafi yake, abin da ya zube da wuya a kwashe shi duka. Sai dai yanzu duk wanda ya duba takardar zai ga layi a miƙe tun daga ƙarshen 2016, rami ɗaya ne a bayansa.

A watan Mayun 2023 na tura, makarantu tara, duk waɗanda suka amsa mini a rubuce cewa darussana sun yi. Sa'o'in aikina a asibiti sun haura 9,000. Malamar anatomi ta rubuta mini wasiƙar shaida, PA ɗin da muke aikin dare ta rubuta, shugabar sashenmu ta rubuta. A bayanin kai, wanda haruffa 5,000 kawai aka yarda ka rubuta, na ba wa watan Maris na 2016 jimla uku. Ban roƙi tausayi ba. Na ce mahaifina ya rasu, na tafi ban janye ba, na dawo na gyara.

Uku suka kira ni ganawa. A ta biyun, wani farfesa mai furfura ya buɗe fayil ɗina ya sa yatsa a kan layin, ya ce in gaya masa abin da ya faru a wannan simesta. Na faɗa masa. Muryata ta ɗan karye da na zo kan Umma, na tsaya na haɗiye, ya jira ni. Sai ya tambaye ni me zan yi idan irin haka ta sake faruwa ina tsakiyar karatunsu. Na ce zan tafi, domin uwa ɗaya gare ni, amma kafin in tafi zan shigo ofishinsa. Ya rubuta wani abu. A duk ganawar nan uku, babu wanda ya tambaye ni dalilin da ya sa na fara daga kwalejin al'umma.

Ina kan layin biyan kuɗi a shagon 'yan Afirka, da buhun garin masara a hannu, aka kira ni aka ce an ba ni gurbi. Na ajiye buhun a ƙasa na ce alhamdulillahi da ƙarfi har mai shagon ya leƙo. Na kira maigida, yana tuƙi, ya ce bari ya faka. Na kira Umma, dare ya yi a Kano, ta ce, "Allah ya jiƙan Malam, da yana nan da ya yi kuka." Yanzu ina shekara ta biyu, ina zagayen asibitoci, jarrabawar samun shaidar aiki, PANCE, mai tambaya 300 tana jirana a gaba, bashin karatun kuma wannan karon ban tsira daga gare shi ba.

Makonni kaɗan da suka wuce, bayan sallar Juma'a, wata yarinya 'yar Maraɗi ta same ni a inda muke ajiye takalma, idonta ya yi ja. Tana kwalejin da na yi, tana ɗauke da kemistiri da ƙididdiga. Ta ce, "Anti, mahaifiyata ce ba lafiya, an ce in zo. Jirgina ranar Talata." Na tambaye ta ko ta je ofishin rajista, ta ce me za ta yi a can. Ranar Litinin da safe na nemi izinin awa biyu, muka haɗu a tashar jirgin ƙasa. Wa'adin janyewa saura kwana huɗu. Na tsaya a bayanta har ta sa hannu, aka buga hatimi aka ba ta kwafi, na ce ta ɗauki hotonsa a waya ta turo mini. Daga nan muka wuce kasuwa ta sayi abin auna hawan jini da za ta kai gida.